Ɗakin da Mma Amama Ta Ba da Aro

Ranar da Tajudeen ya sauko daga tirotiro, ƙaramar motar haya, a bakin titin unguwar Nima ta Accra, rikoda a hammata, katan biyu na takardu a gabansa, gidan mahaifinsa Alhaji Osman dillalin albasa kai ka ce haihuwa aka yi. Shekarar Tajudeen ta huɗu ke nan a jami'ar Kiristocin nan ta bayan gari, inda ake kaɗa ƙararrawa kowa ya tafi addu'ar safe, Musulmi da Kirista, kowa da taye a wuya. Yanzu an sallamo 'yan ajin ƙarshe su je su yi bincike su rubuta littafi, wanda bai rubuta ba kuwa ba shi da takardar gama makaranta. A 1998 ne, saura ƙiris damina ta sauka.

Mma Amama ce ta fara cimma sa a tsakar gida. Gwaggon Alhaji ce, ƙanwar mahaifinsa. Ba ta da ɗa a raye, amma bayanta ne ya goya Alhaji, bayan nan ne kuma ya goya Tajudeen. Ta kama tayen nan ta ja shi ƙasa har ya sunkuyo daidai tsayinta.

"Maigidana ya dawo. Wa ya ɗaure min kai da igiyar akuya?"

"Amarya, ba a shiga aji sai da ita."

"To Kiristocin sun ba ka mata, ko har yanzu ni ce?"

"Ke ce mana. Can ba abin da suke ba mu sai waƙa da kabeji."

Ta sake shi tana dariya har tana dafa bango.

Bayan an ci an ƙoshi, Tajudeen ya miƙe a tsakar gida ya faɗi abin da zai bincika: yadda mutanen Zongo ke riƙon tsofaffinsu. Ya ce wata rana a aji ya faɗa wa malamarsu, Madam Agyeiwaa, cewa a Zongo ba a yar da tsoho, da shi ake ci, da shi ake kwana, shi ake fara gaisarwa. Ta ajiye allinta ta ce lallai ya rubuta wannan, don ita a cocinsu ma tana ganin masu barin iyaye a ƙauye su manta.

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Rubuta musu. Rubuta da manyan baƙaƙe. Dama na ce ilimi ka je nema, ashe har koyar da su za ka yi."

Mariatu, uwar yaron, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ta rangaɗa guɗa. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa Tajudeen a gidan, sai Farfesa.

Sai maganar wurin aiki ta taso. Rikodar ta makaranta ce, ya sa hannu kafin a ba shi, tana bukatar ɗaki mai kulle da wurin jona wuta. Ɗakin samari mutum biyar ne a ciki. Mariatu ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce ai ɗakin Mma ne mai taga ta baya, ai shi ne ba ya yoyo, ita dai faɗi kawai take yi. Mma Amama ba ta bari ta ƙarasa ba. Daɗi ya riga ya cika mata ciki.

"Maigida, kwana nawa aikin naka?"

"Sati uku, Amarya."

"Ɗauki. Sati uku ko a kan bishiya ai na kwana."

Aka tafa mata. Kafin la'asar an kwance gadon ƙarfenta an jingine a bayan gida, an kwashe kwanukanta na samira an zuba a buhu, an shigo da wani dogon tebur da aka aro daga makarantar Islamiyya. Tajudeen ya ɗauki alli ya rubuta Turanci a jikin ƙofar. Ta tambaye shi me ya rubuta, ya ce ofis. Ta yi ta maimaitawa tana zagaya gida, tana gaya wa kowa cewa ɗakin da ta yi shekara talatin a ciki ya sami ƙarin girma ya bar ta. An shimfiɗa mata katifarta a ɗakin 'yan mata.

Satin farko biki aka yi. Ita ce ta zama mai gayya. Ta bi lungu-lungu har unguwar Maamobi tana tattaro tsofaffi, tana ce musu jikanta zai sa muryarsu a inji a kai wa fastoci. Suka zo cikin kayan Juma'a suka jeru a kan benci, kowa na jiran a kira shi ofis. Wani tsohon direba aka tambaye shi wa ke ba shi abinci, ya ɗauko labarin tafiyarsa Bawku tun zamanin sojoji, har kaset ya ƙare bai ko isa Kumasi ba. Asana mai goro, ƙawar Mma Amama, da ta ga jar fitilar rikoda ta kama, sai ta share murya ta ja waƙar bikinta. Da aka mayar mata ta ji kanta, ta ce wallahi wannan ba ita ba ce, wata tsohuwa ce aka ɓoye a ciki. Mma Amama ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Alhaji kuwa kowace yamma sai ya taho da abokan cinikinsa daga kasuwar Agbogbloshie, su tsaya a bakin ƙofa su leƙa tulin takardu, ya ce musu a hankali, kada su taɓa, duk wannan Turanci ne.

Cikin sati na uku ƙanwar Mariatu ta zo daga Tamale da goyo, za ta riƙa zuwa asibiti. Baƙuwa ba a kai ta ko'ina sai ɗakin 'yan mata. Mariatu ta zo tana murmushi ta naɗe katifar tsohuwa.

"Mma, na gyara miki madafa. Kin san jikin manya da son ɗumi. Nan wuta ba ta mutuwa, kin ma fi mu morewa."

"Kwana nawa ya rage wa Farfesa?"

"Ai an kusa."

Madafar nan rumfar kwano ce aka zagaye da bulo. Nan ake dama koko tun kafin gari ya waye, nan ake ajiye buhunan albasar da ta fara lalacewa. Mma Amama ta shiga ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce to, ko ba komai ita za ta riƙa fara shan koko. Ta faɗa da dariya, kowa ya taya ta.

Sati uku ya wuce. Ashe ɗaukar murya shi ne ƙaramin aikin. Sai an zauna an saurari kowane kaset an rubuta abin da ke ciki kalma-kalma, sannan a juya shi Turanci, sannan a kai wa Madam ta ja masa jan biro a dawo a sake. Duk ranar Litinin Tajudeen zai ɗaura taye ya tafi makaranta, ya dawo da labarai: an kama wani ɗan ajinsu ya ƙirƙiri tsofaffin manoma ashirin da ba a taɓa haifa ba, an tsayar da shi gaban majami'a, wata ta yi azumin kwana uku don kada Madam ta soke mata babi, aka soke biyu. Gida ya kwashe da dariya. Ba wanda ya ƙara ambaton sati uku.

Sannan ruwa ya sauka. Wanda ya san Nima ya san ruwan Yuni. Babbar gota, magudanar ruwan unguwa, ta cika ta tumbatsa, ruwan lungu ya riƙa shigowa madafa ta ƙarƙashin ƙofa, na sama kuma ta hudar ƙusa. Katifar ta sha ruwa har ta yi nauyi, aka jingine ta ta bushe, ba ta bushe ba. Mma Amama ta koma kan tabarma da buhu biyu a ƙasa. Da safe hayaƙin itace, da rana warin ruɓaɓɓiyar albasa, ga sanyin siminti. Tari ya fara mata ƙasa-ƙasa, sannan ya sami wurin zama.

A cikin wannan hali ne layi ya zo kanta. Tajudeen ya ce ita ya ajiye ta ƙarshe don ita ce babbar shaida. Ta yi wanka ta sa turare ta shiga ɗakinta a matsayin baƙuwa. Ta zauna a kan kujera tana kallon inda ƙafafun gadonta suka bar tabo a ƙasa.

"Amarya, faɗa wa inji yadda ake riƙonki a gidan nan."

Ta kuwa faɗa, don ta iya magana. Ta ce tun da mijinta ya rasu ɗan wanta ya ɗauko ta, bai taɓa bari ta nemi abinci ba. Ta ce ba a yanka kaza a gidan ba a kai mata ƙirji ba. Duk gaskiya ne. Tana tsakiyar faɗi tari ya turnuƙe ta. Tajudeen ya danna ya mayar da kaset baya.

"Kin ɓata min. Mu sake. Ki riƙe shi har ki kai ƙarshen magana."

"Tarin zan riƙe? A ina, a haɓar zani?"

Suka yi dariya su biyu. Aka sake. Ta riƙe numfashi tana magana har hawaye ya zubo mata, tana kaiwa ƙarshe ya danna, ta saki. Sau shida aka yi haka. Da suka gama ya ce Madam za ta ji daɗin wannan kaset fiye da duka.

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Maigida, yaushe za ka mayar da ni ɗakina?"

"Saura babi ɗaya, Amarya. Ɗaya tak."

Bangon madafa shi ne bangon ofis. Bayan kwana biyu Tajudeen ya ce wa uwarsa tarin nan yana hana shi jin abin da ke cikin kaset. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, faɗi kawai ya yi, ya koma ya rufe ƙofa. Mariatu ta ja tabarmar daga jikin bangon ta mayar da ita can bakin ƙofar madafa, daidai inda ruwa ke fara shigowa.

"Na ɗan lokaci ne, Mma. Nan ma ya fi iska, hayaƙi ba zai dame ki ba."

Ranar Juma'a bayan masallaci ta tare Alhaji yana cire takalmi.

"Osman, zo nan."

"Na'am, Gwaggo."

"Sati tara yau. Ƙirjina ba daidai yake ba. A mayar min da gadona ko a gefe ne, shi ya yi aikinsa da rana."

Alhaji ya durƙusa kamar yadda ya saba, murya a ƙasa. Mutum ne mai ladabi, ko a kasuwa an san shi da haka.

"Gwaggo, ke kika ba shi da bakinki, gaban kowa. Takardun nan a jere suke, in an taɓa ɗaya ta shiga wata, shekara huɗu ta tafi a banza. Teburin ma kin gan shi, da ƙyar ya shiga, ba ya fita sai an kira kafinta ya kwance shi, kuma na mutane ne. Ga gado ga tebur, ina wurin? Tari kuma kowa na yi, damina ce. Zan aiko miki da zuma da citta."

Ya aiko kuwa, har da lemon tsami. Asana mai goro da ta zo ta same ta a kan tabarmar, ta riƙe haɓa ta ce za ta je ta yi wa Alhaji tas. Mma Amama ta kama mata zani.

"Zauna. Maganar gida ce. So kike a ji a unguwa a ce Osman ya kori gwaggonsa madafa? Ni na goya shi."

Ana haka Tajudeen ya dawo wata Litinin da gudu-gudu. Makaranta ta sa ranar baje bincike. Kowane ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya faɗi abin da ya gano, kuma ya zo da mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya yi hira da su. Madam da kanta ta ce tsohuwar kaset na ƙarshe take so ta gani.

Gida ya sake ɗaukar zafi. Mariatu ta fito da leshinta na zuwa biki ta ɗaura wa Mma Amama, aka sa mata lalle, aka aro mata sarƙa. Alhaji ya ɗauki shatar tirotiro guda, aka cika shi har da maƙwabta. Ita kanta tsohuwar ta manta da ƙirjinta. Duk hanya tana tsokanar direba, tana cewa ya taka a hankali, amaryar Farfesa ce a ciki.

Da suka shiga ƙofar jami'ar ta manna fuska a gilashi. Ciyawa shimfiɗe kore shar, ba akuya ko ɗaya. Ta tambaya wa ke cin ta, aka ce ba kowa, kallo ake yi. Ga gine-gine farare a jere, ƙofa bayan ƙofa bayan ƙofa. 'Yan mata cikin dogayen siket suna wucewa da littattafai, duk wadda ta gan ta sai ta ɗan rusuna ta ce mata Nana, akwaaba, wato Kaka, sannu da zuwa. Daga majami'a ana jiyo masu waƙa suna gwaji, murya sama murya ƙasa, ta tsaya tana gyaɗa kai har Alhaji ya yi gyaran murya.

"Bar ni, Osman. Ba shiga zan yi ba. Amma yaran nan sun iya."

A ɗakin taro wani fasto ya buɗe da addu'a. Mutanen Nima suka ɗaga tafin hannu sama, 'yan makaranta suka sunkuyar da kai, aka haɗu a amin. Aka fara. Wani yaro ya zo da rogo a faranti yana bayanin abin da ke ɓata shi a rumbu. Wata ta zo da mai kamun kifi wanda ya ƙwace lasifika ya ƙi saki. Ba ta jin Turanci, amma duk wanda ya gama sai ta fi kowa tafi.

Azahar ta yi ba a zo kan Tajudeen ba. Maza suka fita suka yi sahu a gindin bishiya. Wata ɗaliba mai suna Dede ta ga tsohuwa tana waige-waige, ta tambaye ta da Twi, yaren da duk wanda ya yi kasuwa a Accra yake ji. Ta kama hannunta ta kai ta ɗakin kwanansu, ta kawo ruwa a bokiti, ta shimfiɗa mata sabon zani, har ta fita ta tambayo inda gabas take. Sannan ta ja ƙofa ta bar ta.

Da ta sallame ta zauna a bakin gadon yarinyar don ta ɗaura sarƙa. Ta danna katifar da tafin hannu. Busasshiya. Ta sake dannawa. Ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta kafin yarinyar ta dawo.

Sai ji ta yi ana girgiza ta. Dede ce, ta ce an fi awa ana nemanta, jikanta ya gama bayani, ita kaɗai ake jira. Yarinyar ba ta sake ta nan da nan ba.

"Nana, na tsaya ina jin numfashinki. Ƙirjinki kuka yake yi. A ina kike kwana?"

"A ɗakina, 'yata. Ina kuma?"

Da ta shiga ɗakin taron aka miƙe mata. Tajudeen na tsaye gefen allo, gumi ya jiƙa masa kwala. Madam Agyeiwaa, wata doguwa mai furfura da tabarau, ta sauko da kanta ta zaunar da ita, ta yi mata tambaya da Twi. Wa ke dafa mata? Wa ke kai ta asibiti? Tana da wurin kanta a gidan, ko a cikin yara take?

Mma Amama ta dubi Alhaji a layin gaba, babbar riga ta sha guga. Ta dubi yaron, yana murza takarda a hannu. Ta dubi ɗaki cike da baƙi, ba ɗaya da ya san sunan uban Osman. A nan za ta kwance wa gidansu zani? Ta gyara mayafi.

"Ɗakina ni kaɗai, da ƙofa da taga. Gadon ƙarfe, katifa mai taushi. Ruwan sama sai dai in ji shi a kwano. In na yi tari sau ɗaya, mutum uku ke tasowa."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Ta ga abin ya karɓu, sai ta ƙara gishiri, ta ce har faɗa ake yi a kan wa zai wanke mata kaya. Fasto ya share ido. Madam ta riƙe hannunta biyu ta ce wannan abu ba a bar shi a baki ba, ranar Asabar za ta zo Nima da mai hoto, a ɗauki Nana a cikin ɗakinta a sa a shafin farko na littafin. Ta ƙara da cewa a kai ta a duba tarin nan. Alhaji ya ce sanyi ne, an riga an sayo magani.

A hanyar komawa mota ta kaure da shewa, ana ta Farfesa, Farfesa. Alhaji da Mariatu kuwa sai kallon juna suke yi. Mma Amama ta lura. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, kowa ya ɗauka tari ne.

Asabar da safe tana zaune a bakin madafa da kofin koko a hannu aka fara. Teburin nan da ba ya fita sai da kafinta, mutum biyu suka karkata shi suka fito da shi tsakar gida kafin ta kai rabin kofin. Takardun da ba a taɓawa, Tajudeen da kansa ya tattara ya jibga a kai. Aka ɗauko gado daga bayan gida aka kankare tsatsa aka ɗaura. Mariatu ta kawo katifarta ta kanta, ta aro zanin gado mai furanni da labule a maƙwabta, ta zazzage kwanukan samira ta goge ta jera. Aka wanke rubutun alli. Kokon bai huce ba aka gama.

Aka sake sa mata leshi aka zaunar da ita a tsakiyar gado. Madam ta iso da hantsi, motar makaranta ta tsaya a bakin titi, ita da mai hoto suka tsallako gota a kan katako, rabin unguwa na biye da su. Ta shiga ta ga taga, ta ga kwanuka, ta dafa ƙirji. Aka ɗauki Nana ita kaɗai, aka ɗauke ta da Farfesa durƙushe a gabanta, aka ɗauke ta Mariatu na miƙa mata kwano. Madam ta tambayi teburin da ke tsakar gida, Alhaji ya ce ai yaron a waje yake aikinsa, don kada ya takura wa kakarsa. Aka ba baƙi ƙosai a takarda, aka raka su har mota.

Masu rakiya suka dawo, maƙwabta ba su watse ba, ana ta mayar da yadda aka yi. Mariatu ta leƙo.

"Mma, sannu da ƙoƙari. Ɗan tashi in cire zanin gadon, na mutane ne. Za a shigo da tebur kafin hadarin nan ya sauko."

"To. Ja min ƙofar in cire miki leshinki tukuna."

Mariatu ta ja ƙofa. Mma Amama ta sauko a hankali, ta lallaɓa ta tura sakata ta sama, ta tura ta ƙasa. Ta tuɓe leshin ta ninke, ta haɗa da zanin gadon, ta miƙa su ta taga. Ta koma ta kwanta.

Aka ƙwanƙwasa. Aka sake.

"Amarya, buɗe mana, saura gyare-gyare Madam ta ba ni."

"Maigida, je ka madafa. Akwai ɗumi."

Ta jiyo dariyar Asana daga zaure, irin mai sa mutum ya zauna a ƙasa. Sai takun Alhaji, ya matso da baki jikin ƙofar, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, meye haka? Mutane na kallo. Kada ki sa in kira kafinta ya cire ƙofar nan."

"Kira shi, Osman. Amma kira shi yanzu da rana, tun mutanen ba su tafi ba. Na yi maka ƙarya gaban fasto, na yi gaban inji, na yi gaban mai hoto. Ta ishe ni haka. Ina so in mayar da ita gaskiya ko ta kwana biyu ce."

Sai ga yayyafi, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gida ta hargitse. Ta miƙa wuya ta leƙa ta tsagar ƙofa. Mariatu ta fito da wata babbar leda sabuwa fil, Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa a kan takardu, Farfesa ya kwanta a kansu da ƙirjinsa, kowa na ihu a kama nan a ja can. Ashe akwai leda a gidan. Sati shida ruwa na zuba a kanta ba ta taɓa ganin ta ba. Ta yi dariya har tari ya karɓe, ta bar shi ya yi iyakar yinsa, ba wanda za ta ɓata wa kaset.

Da ruwa ya tsagaita ta ji Alhaji yana ce wa maƙwabta, da ƙarfi don kowa ya ji, ai dama ɗakinta ne, wa ya hana ta, tsufa ne kawai da rigima. Aka kai teburin ɗakin Alhaji, ya kuwa shiga, har da sauran wuri.

Kwana goma sha tara ta yi a ɗakin. A na goma sha biyu, da numfashi ya fara gagara, aka kai ta asibiti. Likita ya tambayi me ya sa sai yanzu, Alhaji ya ce tsohuwa ce mai gardama, ba ta son asibiti. Aka ba ta magani aka dawo da ita. Ta cika wata Alhamis da hantsi, a kan gadonta, taga a buɗe.

Littafin ya fi na kowa maki a shekarar. Hotonta na shafin farko, tana murmushi cikin leshin aro. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa shiga ɗakin suna ganin gado da labule da kwanuka a jere, suna fitowa suna cewa masha Allahu, tsohuwar nan ta ji daɗin duniya, Allah Ya ba mu masu riƙe mu haka. Alhaji na amsawa da amin, yana share hawaye, kuma hawayen na gaske ne. Asana mai goro ce kaɗai ta yi addu'arta daga zaure ta juya, ba ta karɓi ko ƙosan sadaka ba.

Ranar sadakar uku, da la'asar, aka kwance gadon aka mayar da teburin. Wannan karon ma bai maƙale a ƙofa ba.